Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sarkin da ya rubuta littafi a kan filasko

Duk wanda ya tashi a Birnin Konni, ko Malbaza, ko Illela ta Adar, ya san sunan Muhammadu Bello ko da bai taɓa buɗe littafin tarihi ba. Shi ne ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ya gina birnin Sakkwato, ya kuma riƙe sarautar Sarkin Musulmi shekara 20, daga 1817 zuwa 1837. Jama'a sun fi saninsa da yaƙi da mulki, malamai kuma da fiƙihu da tarihi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a cikin littattafai fiye da 100 da ya bari akwai wajen goma da ya rubuta a kan magani. Ya yi rubutu a kan ciwon ido, da basir, da tsutsar ciki, har da wani ɗan littafi sukutum a kan filasko, wannan tsiron da ke fitowa a bakin hanya da bayan gari, wanda ko awaki ba su cika kula shi ba.

Asali da tasowa

Gidan su Bello ba baƙo ba ne a wannan yanki namu. Kakanninsa Toronkawa ne, Fulanin da suka taso daga Futa Toro, cikin ƙasar Senegal ta yau, suka zauna a ƙasar Konni zuriya bayan zuriya suna kiwo da karantarwa. An haifi mahaifinsa, Shehu Usmanu, a shekarar 1754 a Maratta, kusa da Galmi. Daga baya ne iyalin suka koma Degel, wadda a yau take tsallaken iyaka, cikin jihar Sakkwato ta Najeriya.

An haifi Bello a shekarar 1195 ta Hijira, daidai da 1781. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. A Degel ya tashi, a tsakiyar almajiran da ke zuwa daga Gobir, Zamfara, Kabi, Adar da Abzin don ɗaukar karatu wurin Shehu. Ya yi karatu a hannun mahaifinsa, da baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya horar da shi a nahawu da luggar Larabci, da kuma yayansa Muhammadu Sa'adu. A wancan zamani littafi dukiya ne. Takarda daga Tarabulus take zuwa a bayan raƙumi, kowane littafi kuma da hannu ake kwafe shi, shafi bayan shafi. Yaron da ya tashi a irin wannan gida yakan karanta duk abin da ya faɗo hannunsa, kuma Bello ya shahara da haka tun yana saurayi: bayan ilimin addini ya leƙa lissafi, da tarihi, da ilimin ɗibbu, wato likitanci kamar yadda malaman Larabawa suka rubuta shi.

Bai samu zaman karatu yadda yake so ba. A watan Fabrairun 1804, bayan dangantaka ta lalace tsakanin Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, jama'ar Shehu ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Wasu Abzinawa masoyan Shehu sun taimaka da raƙuma wajen ɗaukar kaya, kuma littattafai na cikin abin da aka fara ɗaurewa. Bello yana da shekara kusan 23 a lokacin.

Konni na cikin garuruwan farko da yaƙin ya taɓa. Bayan Matankari, rundunar jama'a ta afka wa Birnin Konni ta ci shi, kuma Bello na cikin mayaƙan. Suna can labari ya iso cewa Yunfa ya taso da runduna, sai suka juyo da gaggawa zuwa Gudu. Kwanaki kaɗan bayan haka, a watan Yunin 1804, aka gwabza a Tafkin Kwato, inda Gobirawa suka sha kashi. Ba kowane gida ne a ƙasar Konni ke tuna waɗannan kwanaki da ido ɗaya ba, kuma har gobe a Massalata akwai masu riƙe da al'adun da jihadin ya zo ya tarar. Tarihi ya ɗauki duka ɓangarorin biyu.

Shekarun da suka biyo baya masu tsanani ne. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, jama'ar Shehu ta yi asarar mutane kusan 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. An sha yunwa a sansanoni, an sake shan wuya a Alwasa a 1805. Sai a watan Oktoban 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a hannun rundunar da Bello ke jagoranta, aka kashe Yunfa. A 1809 Bello ya fara gina Sakkwato, a 1812 kuma ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har yau shi ne madogarar masu rubuta tarihin jihadin. A wannan shekarar ce Shehu ya raba kula da daular gida biyu, gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi. Da Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a.

Mutumin da ya shafe ƙuruciyarsa a irin waɗannan sansanoni ya ga abin da kibiya mai dafi ke yi wa jiki, ya ga yadda gudawa da zazzaɓi ke kwashe mutane bayan an sauke makamai. A ganina nan ne ya kamata a nemi asalin damuwarsa da magani, kafin a je ga littattafan da ya karanta.

Abin da ya rubuta a kan magani

Akwai wata wasiƙa mai tsawo da Bello ya aika wa Umaru Dallaji, Sarkin Katsina na farko a ƙarƙashin daular, wadda aka sani da Usulus Siyasa. A cikinta ya lissafa masu sana'o'in da ya wajaba sarki ya kula da su ya kuma tabbatar kowane gari yana da nasa: manoma, maƙera, maɗinka, marina, mahauta, masassaƙa. A cikin jerin ya sa masu magani. A wurinsa, garin da babu mai duba marar lafiya yana da giɓi irin na garin da babu maƙeri, kuma cike giɓin aikin hukuma ne.

Littattafansa na magani iri biyu ne. Akwai na gaba ɗaya, irin su Al-Mawaridun Nabawiyya da Ujalatur Rakib, waɗanda suka tattaro abin da ake kira ɗibbun nabawi, wato hadisan da suka shafi lafiya da magani tare da sharhin malamai. Wannan fanni ne da manyan malamai irin su Ibnul Ƙayyim da Suyuɗi suka yi rubutu a kansa, inda zuma, habbatus sauda, kwalli da ƙaho suke da babban matsayi. Sai kuma gajerun littattafai, kowanne a kan cuta guda: Masugul Lujaini a kan ciwon ido, Al-Ƙaulul Mansur a kan basir, Tanbihul Ikhwan a kan magungunan tsutsar ciki, da wata risala a kan ciwon ƙoda.

A dubi jerin da kyau. Waɗannan su ne cututtukan da ake kokawa da su a kowace kasuwa daga Wurno zuwa Tawa. Ƙurar hunturu da ƙudaje suna cin idanun yara da tsofaffi. Basir kuwa, ko yau aka tsaya a tashar Konni minti goma za a ji mai lasifika yana tallar maganinsa. Sarkin da ke aika wasiƙu zuwa Borno da Masina yana muhawara da manyan malamai, shi ne kuma ya zauna ya yi wa tsutsar ciki littafi, bai ga hakan ya rage masa girma ba.

Ba shi kaɗai ba ne a gidan. Baffansa Abdullahi ya rubuta Masalihul Insan, wanda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki. Malam Muhammadu Tukur na Matuzgi a Zamfara, ɗaya daga almajiran Shehu, ya yi rubutu a kan magunguna. Ƙanwar Bello, Nana Asma'u, ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Dalilin wannan himma a fili yake. Shugabannin jihadi sun yaƙi bori da tsafi, alhali a wurin ƴan bori da bokaye ne talaka ke neman sauƙi idan ciwo ya kama shi. Wanda ya hana mutum wata ƙofa, dole ya nuna masa wata.

Filasko

Littafin da ya fi jan hankalina shi ne Al-Ƙaulus Sana, a kan tsiron da Larabawa ke kira sana da yadda ake amfani da shi wajen sassauta ciki da wanke shi. Sana shi ne dangin filasko, ko hilasko a bakin mutanen nan, wanda Abzinawa ke kira agargar. Ɗan tsiro ne gajere mai fure rawaya da kwanso falange mai ɗan lanƙwasa, yana son fako da ƙasa mai tsakuwa. Ana shanya ganyensa a dafa ko a daka, wasu kan haɗa shi da tsamiya. Ɗan'uwansa da ke zuwa daga gabas shi ne sanamaki da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci, sunan da ke nufin sana na Makka.

Abu biyu ne suka haɗu a kan wannan ganye, kuma ina jin shi ya sa Bello ya ware masa littafi. Na farko, yana da asali a hadisi. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito labarin Asma'u ƴar Umais, wadda Manzon Allah (SAW) ya hana ta wani maganin wankin ciki mai zafi, ya kuma yaba da sana. Na biyu, ba sai an jira ayari daga Masar ba, ga shi nan a bayan gida. Da yawa daga magungunan da littattafan Larabawa ke ambata babu su a ƙasar Hausa, ko kuma tsadarsu ta fi ƙarfin talaka. Filasko kuwa kyauta ne. Ƙasar Abzin ma ta daɗe tana fitar da shi: tun ƙarni na 18 fatake ke ɗaukar busasshen ganyen daga yankin Agadas zuwa Fezzan da Tarabulus, daga can ya tsallaka teku zuwa shagunan magani na Turai.

Binciken zamani ya gaskata wannan zaɓi. Ganyen sana na ɗauke da wasu sinadarai da ke wucewa ta tumbi ba su narke ba, sai sun isa babban hanji ƙwayoyin halittar da ke can su farfasa su. Daga nan hanjin ya motsa, ya kuma riƙe ruwa, bayan awa 6 zuwa 12 mutum ya zaga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sana a jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Sai dai ƙarfin nasa ne kuma haɗarinsa. Wanda ya zarce ƙima zai sha murɗar ciki da gudawa, wanda kuma ya mai da shi abin sha kullum yana zubar da gishirin jikinsa, hanjinsa ya saba da sai an tura shi. Mai ciki da ƙaramin yaro ba a ba su shi da ka.

Yadda Sinawa suka yi da tasu ciyawar

Don a gane nauyin abin da Bello ya fara, da kuma inda ya tsaya, yana da kyau a leƙa wata ƙasa da ta ɗauki ciyawar bakin hanya da muhimmanci tun da daɗewa, wato ƙasar Sin.

Akwai wani tsiro na ƙasashen sanyi da Faransawa ke kira pissenlit, masu Ingilishi kuma dandelion. Ganyensa tsaga-tsaga ne kamar haƙora, furensa rawaya, idan aka karya shi yana fitar da farin ruwa kamar nono, ƴaƴansa kuma iska ke kwasarsu kamar audugar tumfafiya. A Turai masu lambu tumɓuke shi suke yi, ko da yake sunansa na Faransanci ya nuna an san yana sa fitsari. Sinawa suna kiransa pugongying, kuma tun a shekarar 659 ya shiga kundin magunguna da fadar daular Tang ta sa aka rubuta, a matsayin maganin kumburin nonon mace. Likitocin gargajiyarsu suna lissafa shi cikin masu ɗaci da sanyi, suna ba da shi ga cututtukan da suke ɗauka na zafi ne: maruru, jan ido, zafin fitsari, da nonon mai jego idan ya yi tsami. A sha ruwan dafaffensa, ko a daka ɗanyen a shafa. Bahaushen da ya saba jin an ce wane zahi ke damunsa, wance kuma sanyi ne, ba zai ji wannan lissafi baƙo ba. Shi ma ɗibbun Larabawa da Bello ya karanta a kan zafi da sanyi, danshi da bushewa aka gina shi.

Wanda ya fi kowa tattara wannan ilimi a Sin shi ne Li Shizhen, wani likita da ya rayu daga 1518 zuwa 1593. Ya shafe shekara kusan 27 yana bin littattafan magabata yana gyara kurakuransu, yana kuma yawo yana tambayar manoma da masunta da masu saran itace. Kundinsa, Bencao Gangmu, ya ƙunshi magunguna 1,892 da haɗe-haɗe fiye da 11,000, tare da zane-zane sama da 1,000. Pugongying ya sa shi a babin ganyayen ci, saboda talakawa na cinsa kamar yadda muke cin zogale ko tafasa. An buga kundin a 1596, shekara uku bayan rasuwarsa, aka yi ta sake buga shi har yau.

A nan hanyoyin biyu suka rabu. Aikin Li Shizhen ya samu maɗaba'a, kuma da harshen da likitocin ƙasarsa ke karantawa aka rubuta shi. Na Bello ya tsaya a rubutun hannu, da Larabci, a hannun malamai. Wanzami da ungozoma da maɗori da mai saiwa a kasuwa, waɗanda su ne ke riƙe da sanin sabara da kalgo da marke da maɗaci, yawancinsu ba su karanta Larabci, su kuma malamai ba su cika zama a gabansu don ɗaukar karatu ba. Masu nazarin littattafan Bello na magani sun lura cewa kaso mai yawa na abin da ke ciki an ciro shi ne daga littattafan gabas, ana taƙaitawa ana tsarawa. Wannan ba aibi ba ne a al'adar malanta ta lokacin, amma ya sa ilimin itatuwan ƙasar nan bai shiga takarda yadda ya kamata ba. Sai a 1916 wani likita ɗan Scotland, J. M. Dalziel, wanda ya taɓa aikin likita a kudancin Sin kafin ya zo Arewacin Najeriya, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa.

Rubutu kuma ba shi ne hujjar cewa magani na aiki ba. Yawancin abin da ake danganta wa pugongying har yanzu gwajin asibiti bai tabbatar da shi a jikin mutane ba. Amfanin rubutun shi ne yana ajiye abin da za a gwada. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yau a asibitocin Konni da Illela ya samo asali ne daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade. Wata masaniya ƴar Sin, Tu Youyou, ita ta gano hanyar tatso sinadarinsa a farkon shekarun 1970, bayan ta karanta bayanin da wani likita mai suna Ge Hong ya rubuta tun ƙarni na 4. A kan haka aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

Likitan da bai iso ba

Bello bai ɗauka cewa abin da ke cikin littattafansa ya wadatar ba, kuma akwai shaida a kan haka. A watan Maris na 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, wanda Hausawa suka sani da Abdullahi, ya iso Sakkwato ta hanyar Tarabulus da Borno da Kano. Tare da wani likita suka taso, Walter Oudney, amma ya rasu a hanya kusa da Katagum a watan Janairu. Clapperton ya rubuta cewa Bello ya nuna takaicin wannan rashi, domin ya so ya ga likitan Turai da zai koya wa mutanensa aikin. Kafin baƙon ya tafi a watan Mayu, Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na 4, kuma cikin abin da suka yi magana a kai akwai a turo jakada da likita su zauna a ƙasarsa.

A cikin waɗannan makonni ne agana ta kashe wani ɗan Waziri Giɗaɗo, aminin Bello kuma mijin Nana Asma'u. A lokacin, shekara 28 ke nan da Edward Jenner ya gwada lambar rigakafin agana a Ingila. Da likitan ya zo da ita, da wataƙila tarihin wannan cuta a ƙasar Hausa ya ɗan canza.

Gwamnatin Birtaniya ta amsa. A tafiyar Clapperton ta biyu, wadda ya biyo ta gaɓar teku a ƙarshen 1825, akwai likitoci biyu a tawagar, Morrison da Dickson. Na farko zazzaɓi ya kashe shi a ƙasar Yarbawa makonni kaɗan da sauka, na biyu ya bi ta Dahomey ba a sake ganinsa ba. Clapperton ya iso wurin Bello a watan Oktoban 1826, a lokacin cikin Turawan tawagar daga shi sai baransa Richard Lander suka rage. Cikin kyaututtukan da ya kawo akwai littattafan Larabci bugun maɗaba'a, har da na Ibn Sina da lissafin Iƙlidis, wanda Turawa ke kira Euclid. Bello ya shaida masa cewa gidansu na da kwafin Iƙlidis da wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, gobara ce ta cinye shi. Wani abin sha'awa, Ibn Sina na cikin malaman da suka yi bayanin wannan tsiro na pissenlit, kuma sunan da masana kimiyya ke kiransa da shi yau, Taraxacum, daga kalmar da shi da Ar-Razi suka yi amfani da ita aka samo shi, ta hanyar fassarar littattafansu zuwa Latin.

Ziyarar ta biyu ba ta yi daɗi ba. Sakkwato na cikin yaƙi da Shehu Laminu na Borno, Clapperton kuma yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa gare shi, har da makamai. Bello ya hana shi wucewa, aka karɓe kayan. Baturen ya kwanta ciwo, ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilun 1827. Maganar likita ta mutu tare da shi. Sai bayan shekara fiye da 120, a 1950, aka buɗe asibitin mishan na Galmi, ɗan taƙi kaɗan daga Maratta inda aka haifi Shehu.

Adar, Gawakuke da Wurno

Mulkin Bello bai taɓa samun hutu ba. Watannin farko ya yi su ne yana fama da tawayen Abdussalami a Kware, garin da matafiyi ke ratsawa a yau tsakanin iyakar Konni da Sakkwato. Tsakaninsa da baffansa Abdullahi ma an samu sanyin dangantaka a kan gadon mulki, sai da Bello ya kai masa ɗauki a yaƙin Kalambaina suka daidaita.

Arewa kuwa, wato ɓangarenmu, ita ce ta fi hana shi barci. A Adar wani malamin Abzinawa, Muhammadu al-Jilani, ya ɗaga tutar jihadi irin ta Shehu, ya yi ƙarfi na ƴan shekaru, kafin Ibra da Kel Geres su karya shi ya nemi mafaka a Sakkwato. Akwai amsar da Bello ya rubuta masa, inda ya ba shi shawarar ya zaunar da makiyaya wuri guda, a gina garuruwa da masallatai, a sa yara karatu. Wannan ita ce manufarsa a ko'ina: ya kafa ribaɗoɗi, wato garuruwan tsaron iyaka, ya zuba musu manoma da masu sana'a da malamai. Masanin tarihin nan na Nijar, Djibo Hamani, ya yi bayanin wannan zamani dalla-dalla a littafinsa kan tarihin Adar. Mafi shahara cikin ribaɗoɗin ita ce Wurno, a bakin gulbin Rima, inda Bello ya fi zama a shekarunsa na ƙarshe.

A 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawan Ibra suka haɗa kai. Bello ya fita da kansa, yana da shekara kusan 55, aka haɗu a Gawakuke. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duk sun faɗi a fagen, Ibra ya tsira da ƙyar. Gobirawan da suka rage su ne suka kafa Tibiri a ƙarƙashin Mayaƙi, daga can kuma suka ci gaba da gwagwarmaya da Sakkwato har zuwan Turawa.

Wannan ne babban yaƙinsa na ƙarshe. A shekarar da ta biyo ciwo ya kama shi, ya yi watanni yana jinya a Wurno. Ya rasu a watan Rajab na 1253, daidai da ƙarshen Oktoban 1837, yana da shekara kusan 56. Ƙaninsa Abubakar Atiku ne ya gaje shi, ɗansa Aliyu Babba kuma ya hau a 1842. Ba a kai gawarsa Sakkwato kusa da mahaifinsa ba, a Wurno aka binne shi, kuma har yau masu ziyara daga Najeriya da Nijar suna zuwa hubbarensa.

Infaƙul Maisuri an buga shi, an fassara shi zuwa Hausa da Ingilishi, ana koyar da shi a jami'o'i. Littattafansa na magani kuwa yawancinsu suna nan a rubutun hannu, a ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, da Jami'ar Ibadan, da kuma gafakokin wasu gidajen malamai.